Canza opam a ampilin hedifon: tambayoyin da aka fi yi a Yamai da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan dawowa daga bakin masu haɗa kiɗa a ƙananan situdiyo, da ma'aikatan rediyo, da samarin da suka yo odar ampilin hedifon daga waje, suka kwance murfi suka tarar da wata 'yar baƙar aisi, wato ɗan guntun lantarki mai ƙafafu, irin wadda ake kira opam, zaune cikin soket, mazauninta mai ramuka, kamar tana jiran a cire ta. An fara da masu sauƙi. Wanda ya riga ya san kan abin yana iya tsallakawa ƙasa.

Mene ne opam, kuma wane aiki yake yi a ampilina?

Ƙaramar aisi ce, galibi mai ƙafa 8. Tana da ƙofar shiga biyu da ta fita ɗaya, aikinta kuwa ta duba bambancin wutar da ke tsakanin ƙofofin shiga biyun ta ninka shi, sau 100,000 ko fiye. Asalin opam don lissafi aka ƙirƙiro shi a tsoffin injinan ƙididdiga, daga baya masu harkar sauti suka ɗauke shi. Wanda ya fi shahara a tarihi shi ne 741 da kamfanin Fairchild na Amurka ya fitar a 1968.

A kayan hedifon wuri uku ake samunsa: bayan aisin da ke mai da lambobi sauti, wato DAC, inda yake tace abin da ya fito, a tsakiya inda ake ƙara wa sauti ƙarfi, sai a bakin fita inda shi ne da kansa ke tura wuta cikin hedifon. Kafin ka taɓa komai ka san a wanne daga ciki naka yake, don kusan duk amsoshin da ke ƙasa sun rataya a kan wannan.

Tunda ta cikinsa sauti ke bi, ai kowane opam yana da irin muryarsa, ko?

Nan ne mafi yawan mutane ke ɓata hanya. Ba a barin opam ya yi ninkin nan na 100,000 yadda ya ga dama. Ana ɗibar wani kaso na abin da ya fito a komar da shi ƙofar shiga, sai opam ya riƙa gwada abin da ya fitar da abin da aka ba shi, yana gyara duk wani kuskure nan take. Rezista biyu, ƙananan kayan da ke rage gudun wuta waɗanda ake auna turjiyarsu da om, su ke yanke yawan ninkin. Idan ɗaya om 10,000 ce ɗayar om 1,000, ninkin 11 ne, ko wane opam ka sa. Kamar awon hatsi ne a kasuwa: tiya ke faɗin yawan gero, hannun mai awo ba ya shiga lissafi sai in ba shi da ƙarfin ɗaga tiyar ko yana karkarwa.

Saboda haka opam mai lafiya, a da'irar da ta dace da shi, wato haɗin kayan lantarkin da yake ciki, ba ya ƙara bas kuma ba ya rage kaifin sauti. Daga 20 Hz zuwa 20,000 Hz (Hz yawan kaɗawar sauti ne a daƙiƙa), iyakar jin ɗan Adam ke nan, ninkinsa ɗaya ne. Gurɓatar sauti kuwa, takardar bayanin da kamfani ya fitar kan opam mai lamba OPA2134 ta ba da kashi 0.00008 cikin 100, ta LM4562 ta ba da 0.00003. Hedifon ɗin da ke kanka, ko mai tsada ne, nasa gurɓatawar ta ninka waɗannan sau ɗaruruwa ko dubbai, musamman wajen bas. Wanda ya ce yana jin tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ta cikin irin wannan hedifon, sai dai a yi masa uzuri.

To ke nan canjin ba ya taɓa zama na gaskiya?

Yana zama, kuma wani lokaci ƙarara. Abin da ke faruwa shi ne ɗaya daga cikin biyun, tsohon ko sabon, bai dace da aikin da aka ɗora masa ba.

Babban misali shi ne ƙarfin turawa. Hedifon mai om 32, in ana son a ba shi bolt 1, yana jan wutar da ta kai miliamfa 31, a ƙololuwar kiɗa ya kai 44. Opam mai lamba TL072 ba a yi shi don irin wannan kaya ba, tun kafin a kai nan sauti ya fara tsagewa, bas ya yi laushi. NE5532 an tsara shi ya tura om 600, iyakarsa kuwa wajen miliamfa 38. NJM4556, wanda bai fi su tsada ba, yana ba da miliamfa 70, shi ya sa ampilin nan da ake kira O2, wanda zanensa ya fito a 2011, ya yi amfani da shi a bakin fita, har ya haɗa biyu-biyu a kowane kunne. In ka cire TL072 daga bakin fita ka sa NJM4556, za ka ji bambanci, kuma mitar awon wuta ma za ta gani. Ga hedifon mai om 300 irin Sennheiser HD 600 kuwa, wutar da yake ja kaɗan ce, bolt yake nema, sai bambancin ya kusa ɓacewa.

Na biyu shi ne ƙarar shuuu da ake ji idan kiɗa ya tsaya, musamman da ƙananan abin kunne masu shiga cikin rami. A ma'aunin surutu da kamfanoni ke rubutawa, inda ƙaramar lamba ta fi shiru, TL072 na da 18, OPA2134 na da 8, NE5532 na da 5, LM4562 na da 2.7. Sai dai rezista ma tana da nata surutu: mai om 10,000 kaɗai tana ba da wajen 13 a wannan ma'aunin. In da'irar cike take da manyan rezista, sayen opam mai 2.7 asarar kuɗi ce. Akwai kuma saurin hawa, wato saurin da opam ke iya ɗaga bolt ɗin da yake fitarwa, wanda 'yan kasuwa ke son kururutawa. Fitar da 20,000 Hz a ƙololuwar bolt 10 yana bukatar bolt 1.3 a kowane kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Tsohon 741 mai 0.5 ya gaza, NE5532 mai 9 ya wuce da nisa, abin da ya ɗara haka ba kunne ke amfana da shi ba.

Ni dai na canza kuma na ji bambanci da kunnena. Ƙarya nake yi?

A'a, ba wanda ya ce ƙarya kake. Tambayar ita ce daga ina bambancin ya fito. Kafin ka kashe ampili, ka kwance, ka cire, ka sa, ka kunna, mintoci sun wuce, alhali ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin launin sauti sai na 'yan daƙiƙoƙi. Kuma da wuya ka mai da maɓallin ƙara daidai inda yake. Ƙarin da bai kai desibel 1 ba a ma'aunin ƙarfin sauti, kunne ba ya jin sa a matsayin ƙara, yana jin sa a matsayin armashi: bas ya cika, murya ta matso. Ga kuma kuɗin da ka kashe da makonnin da ka yi kana jiran kaya su iso Yamai. Zuciya ta riga ta shirya jin daɗi.

Akwai wani dalili na nan gida. Ƙura da tsatsa na taruwa a ramukan soket, cirewa da mayarwa kaɗai na goge su. Wani lokaci da tsohon opam ɗin ka mayar, da ka ji gyaran nan dai.

Katin sauti na Asus Xonar Essence STX darasi ne mai kyau. Yana da opam uku a soket: JRC2114 guda biyu da LM4562 guda. Shi LM4562 ɗin hanyar da ke zuwa lasifika yake yi wa aiki, ramin hedifon yana da tasa aisin dabam, TPA6120A2. Wanda ya canza LM4562 yana saurare da hedifon bai taɓa hanyar sautinsa ba ko kaɗan.

Yaya zan gwada yadda ba zan ruɗi kaina ba?

Da farko daidaita ƙara da mita, ba da kunne ba. Kunna sauti guda mai tsayawa, kamar 400 Hz tunda ƙananan mitoci sun fi karanta shi daidai, ka auna bolt a ramin hedifon da opam na farko, sannan ka tabbatar na biyu bai kauce masa da fiye da kashi 1 cikin 100 ba. Sannan ka samu aboki ya riƙa canzawa ba ka gani, yana jefa kwabo don zaɓen wanda zai sa, yana rubutawa a ɓoye. Ku yi sau 16. In ka gane 12 ko fiye, da wuya ya zama sa'a ce kawai, sai a koma neman dalilin a amsoshin da ke kan ƙarfin turawa, wutar tsaye da kaɗawa. In 8 ko 9 ka samu, kwabon ma da haka zai ci.

Ya fi sauƙi in akwai ampili biyu iri ɗaya, kowanne da nasa opam, don a sauya cikin daƙiƙa guda.

Ta ina zan san ko na'urata na karɓar canji?

In opam ɗin a soket yake, ana zare shi da hannu. In an liƙe shi da dalma a fuskar allo, ƙanƙane mai gajerun ƙafafu, aikin mai gyara ne, kuma sau da yawa bai cancanci wahalar ba. 'Yan ƙananan adaftocin da ake soka wa waya ba abin da ake canzawa a cikinsu.

Ka lura da guda da tagwaye. NE5532, TL072, OPA2134 da LM4562 tagwaye ne, opam biyu a gida ɗaya, wutarsu na shiga ta ƙafa ta 8 da ta 4. NE5534 da OPA627 guda-guda ne, wutarsu ta ƙafa ta 7 da ta 4. Jikinsu iri ɗaya, soket ɗaya suke shiga, amma sa guda a mazaunin tagwaye na iya ƙona shi. Akwai ɗan allo da ake ɗora guda biyu a kai su zama tagwaye, haka ma masu zuwa a ƙaramin jiki kawai irin OPA1612.

Bolt nawa ampilina ke ba opam, kuma me ya sa zan damu?

Saboda kowanne yana da iyaka sama da ƙasa. Auna daga ƙafa ta 8 zuwa ƙasan da'ira, wato layin da ake ɗauka a matsayin bolt 0, sannan daga ta 4. Ampili da yawa masu aiki da wutar gida suna ba da 15 sama da 15 ƙasa, abin da ake rubutawa ±15. OPA2134 na jure har ±18, LM4562 har ±17, amma AD8620 a ±13 ya tsaya, ka sa shi a ±15 ka wuce da shi haddi. Ta ɗaya ɓangaren, MUSES01 na ƙasar Japan ba ya aiki daidai ƙasa da ±9. Ƙaramin ampilin nan na CMoy, wanda Chu Moy ya wallafa zanensa a ƙarshen shekarun 1990 kuma ake haɗawa cikin gwangwanin alawa, batir guda mai bolt 9 yake rabawa ya zama ±4.5. Ka sa masa MUSES01 mai tsada, sautin da zai ba ka bai kai na OPA2134 da ke tashi tun daga ±2.5 ba.

Mai aiki da batir ya duba cin wuta ma. TL072 na cin ƙasa da miliamfa 3, NE5532 wajen 8, LM4562 wajen 10.

Bayan na canza, ina jin ƙas idan na soka hedifon, maɓallin ƙara kuma yana ƙarce-ƙarce. Me ya faru?

Cire hedifon ɗin tukuna. Wannan alamar wutar tsaye ce a bakin fita, wadda ba sauti ba ce, dumama zaren cikin hedifon kawai take yi tana danne fatarsa gefe guda. Opam iri biyu ne ta fuskar ƙofar shiga. Masu FET, wani nau'in taransista, irin TL072 da OPA2134, kusan ba sa jan komai ta nan. Masu taransista ta gargajiya, irin NE5532, suna jan 'yar wuta, wajen nanoamfa 200. Ƙanƙanuwa ce, amma in ta bi ta rezista mai om 100,000 ta zama milibolt 20, ninki 11 ya mai da ita 220. Wannan shi ke samun wanda ya cire opam mai FET daga CMoy ya sa NE5532.

Sa mita a ma'aunin wutar tsaye, ba kiɗa, ka auna kowane kunne. 'Yan milibolt kaɗan ba komai. In ya haura 20, ni ba zan sa hedifon mai daraja a wurin ba.

Sabon opam yana zafi, sauti kuma ya yi kaifi sosai. Wannan ne ƙarin tsabtar da ake faɗa?

Mai yiwuwa kaɗawa yake yi. Opam mai sauri, in aka sa shi a allon da aka zana don mai sanyin jiki, yana iya fara kaɗa kansa da kansa a miliyoyin Hz, can sama da inda kunne ke kaiwa. Ba ka jin kaɗawar, amma kana jin ɓarnarta: sauti ya yi tsini, batir ya ƙare da wuri, aisi ya yi zafin da yatsa ba ya jurewa. Opam mai lamba 4558 iyakar saurinsa wajen 3 MHz, wato Hz miliyan 3, LM4562 kuwa 55 MHz, don haka dogayen layukan allo da soket da ba su dami na farko ba suna iya rikita na biyu. Abin takaici, wannan tsinin ne wasu ke ɗauka a matsayin bayyanar abin da da ba sa ji a waƙa.

Wasu ma ba a yi su don ƙaramin ninki ba sam. NE5534 na son ninki 3 ko fiye in ba a ƙara masa 'yar kondansa, wato abin da ke tara wuta na ɗan lokaci, ba, OPA637 na son 5. Maganin da aka fi farawa da shi shi ne kondansa ta yumɓu mai 100 nF daga kowace ƙafar wuta zuwa ƙasan da'ira, a liƙe kusa da aisin iyakar iyawa. Tabbatarwa sai da osiloskof, na'urar da ke zana siffar wuta a gilashi. In babu, auna wutar da ampili ke ci kafin canji da bayansa, ka gwada da abin da takardar kamfani ta ce.

Ina jin gurnani idan an tada janareto, ko idan kwamfuta na caji. Opam mai tsada zai kashe shi?

Da wuya. Wutarmu bolt 220 ce mai 50 Hz, gurnanin da kake ji ita ce ko ninkinta, tana shigowa ta caja mara kyau, ta wayar da ba ta da rufi, ko ta na'urori biyu da aka haɗa kowacce da nata hanyar zuwa ƙasa. Inbata mai arha ta sola ma tana da nata zuzu. Gwajin ba ya cin ko dala: zare cajar kwamfuta ka bar ta a batir. In gurnani ya ɗauke, ka san inda za ka kai kuɗinka. Tit-tit-tit ɗin da ake ji kafin kira ya shigo kuwa daga wayar salula ne, nesanta ta da ampili. LM4562 an san shi da saurin kama irin wannan, to ka ga wani canjin ƙara matsalar zai yi.

Zafin Yamai da Tawa da ƙurar hunturu suna da tasiri?

NE5532 na yau da kullum an ƙayyade masa aiki daga digiri 0 zuwa 70. A watan Afrilu da Mayu, inda inuwa kanta ke haura 40, akwatin ƙarfe a rufe cikin ɗakin kwano ba shi da sarari mai yawa kafin ya kai can, balle an sa masa opam mai cin wuta ko mai kaɗawa. Duk da haka kondansa masu ruwa a ciki su zafi ya fi saurin kashewa, kuma tsohon ampilin da bas ɗinsa ya zube ko ya fara gurnani, su ya kamata a fara zargi.

Lokacin hunturu iska ta bushe, jiki na tara wutar da ke yin tsat in ka taɓa ƙofar mota. Ita ce ke lalata aisi shiru, musamman masu FET. Taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauki opam, ka kama shi ta jiki ba ta ƙafafu ba.

A ina zan samu, kuma yaya zan gane jabu?

4558, TL072 da NE5532 suna ko'ina: wajen masu gyaran rediyo da ampilin masallaci da na biki, da cikin matattun miksa da ake wargazawa a Katako. A ganina NE5532 da aka ciro daga tsohuwar miksa ya fi abin dogaro a kan OPA627 da aka gani a intanet da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Masu tsadar su aka fi yi wa jabu: a kankare rubutun aisi mai arha a buga sabon suna. Zai yi kiɗa lafiya lau, mai shi ya yi ta yabo.

Duba rubutun ko yana gogewa da ɗan alkol, da fuskar ko an kankare ta. Mafi tabbas shi ne cin wuta. OPA2134 na gaske yana cin wajen miliamfa 4 a kowane ɓari, wato 8 gaba ɗaya. In ka auna ka ga 3, wani abu ne dabam sanye da rigarsa.

Manyan opam ɗin nan da ake haɗawa da taransista ɗai-ɗai, irin na kamfanonin Burson da Sparkos fa? Kuma gaskiya ne sai sun yi awanni suna aiki kafin su nuna?

Aiki ɗaya suke yi, ƙarƙashin dokar rezista biyun nan da aka yi bayani a sama. Sun fi tsayi, wani lokaci murfi ba ya rufuwa, sun fi cin wuta da zafi, don haka a sake duba amsar bolt da ta zafin gari kafin a saya. Batun nuna kuwa, aisi na daidaita zafinsa cikin mintoci. Abin da ke sabawa cikin mako biyu kunnenka ne.

In ina da 'yan jikkuna ina son sauti ya gyaru, ina zan fara sa su?

A hedifon ɗin kansa, don tsakanin wani da wani ana samun bambancin desibel da yawa. Sai soson kunne: zufa da zafi na cinye shi, in ya lotse ko ya tsage bas na tserewa ta nan, sabon soso kan yi abin da opam goma ba za su yi ba. Sai manhajar daidaita sauti, irin Equalizer APO a Windows ko Wavelet a Android. In bas kake so ƙari, nan za ka same shi, gwargwadon yadda ka ga dama.

Ka kuma duba turjiyar bakin fitar ampili. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na om ɗin hedifon, wato om 4 ga mai om 32. In an sa rezista babba a bakin fita, tana iya kumbura bas ɗin wasu hedifon, kuma canza opam ba ya taɓa ta.

Na ji duka, amma ina son in gwada. Me zan bi?

Gwada mana, sha'awa ce mai koyar da lantarki, kuma da aisi masu arha ba abin da za ka rasa. Sauko da takardar tsohon da ta sabon ka gwada su: tagwaye ko guda, iyakar bolt, irin ƙofar shiga, ƙaramin ninkin da yake karɓa. Kashe ampili, zare waya, ka ba kondansa lokaci su sauke wutarsu. Ɗauki hoton allo don ka tuna inda ɗan yankan da ke kan aisin yake fuskanta, domin sa shi a juye na juya masa wuta, nan take yake mutuwa. Ɗaga tsohon a hankali ta gefe biyu kada ƙafafu su lanƙwashe, ka ajiye shi, wataƙila ka dawo gare shi.

Kunna ba tare da hedifon ba. Auna wutar tsaye a kunnen hagu da na dama, ka jira minti biyu ka taɓa bayan aisin. In lambobi sun yi daidai kuma ɗumi ne kawai, soka abin kunne mai arha tukuna, ƙara a ƙasa, ka saurara ko akwai shuuu ko tsini kafin ka ɗauko mai tsadar.